Uku ko Huɗu

Mutum ɗaya tak jirgin ƙasa na safe ya sauke a ɗan garinmu na Romaniya, da rabin mutanensa suka gudu Italiya. Kai duk furfura, takalmi na ƙyalli kamar angon da ya makara. Ga shi tsaye gaban Veta mai furanni.

"Nawa, ɗana? Uku na mai rai, huɗu na kabari. Yi magana kafin su bushe."

Allon sanarwar mutuwa yana ƙofar tsohuwar majami'ar katako, taku goma, amma ya ƙi waiwayawa. Na san irinsu: uwa ya bari, shekara talatin ko wasiƙa babu.

"Uku, Inna," in ji shi. "Amma ki ajiye min ɗaya a gefe."