Rigar da Inna ta ɗinka wa kwamfuta

Ni fa ban ce na iya gyaran kwamfuta ba. Ina zaune a inuwar shagon cajin waya ina shan rake, ba ruwana da kowa, Yaya ya zo ya figi hannuna. Don kawai na taɓa cire wa wani batirin waya da ya kumbura, shi ke nan na zama injiniyan gida.

An yi walimar saukar Alƙur'ani ta ƙanwarmu, Yaya ya ɗauki bidiyo. Kakarmu tana can Nijar, tsallaken iyakar Kongolam, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa. Motar 'yan uwan da za su kai mata bidiyon a memori za ta tashi da la'asar, ga azahar ta wuce, aikin haɗa bidiyon a kwamfutar Yaya ko rabi bai kai ba.

Muna shiga ɗakinsa ya kama zirga-zirga. In rubutu ake yi, kwamfutar garau take. Da ya sa ta haɗa bidiyo sai ta yi gudu na minti biyu, daga nan ta koma jan ciki, hoton yana tsayawa, fankarta tana ihu kamar injin markaɗe.

"Bairos ne ya kama ta," in ji Yaya. Ya kashe ya kunna. Ya goge hotunan bikinsa ma don ta sami wuri. Shiru. Direba kuma ya danna hon a waje.

Sai na lura da inda take zaune. A kan katifa, cikin riga! Inna ce ta ɗinka mata, atamfa ninki biyu da soso a ciki, irin wadda ta yi wa rediyo da filas ɗin shayi. A gidanmu duk abu mai tsada sai an tufatar da shi. Na zura hannu ƙasa, na janye da sauri.

"Inna, wannan ai ƙwai za ta dafa miki."

"Kai, bar mata rigarta! Ƙura za ta shiga."

Na tuɓe ta dai. Na ɗauko gwangwanin tumatir huɗu na ɗora ta a kai, na hura ramukan gefenta da famfon keke, wani baƙin datti ya fito kamar auduga. Na miƙa wa Yaya mafici.

"Ni zan yi mata fifita?"

"To ni ne mai bidiyo?"

Ya yi ta fifita yana hararata. Layin da ke nuna aikin ya fara tafiya. Muka ƙura masa ido, direba yana ta hon. Ana kiran sallah ya cika. Yaya ya bi motar da gudu babu takalmi, ya miƙa memorin ta taga.

Da ya dawo sai baki ya buɗe. Wai goge hotunan da ya yi ne ya gyara ta, zafi ba ya rage wa inji gudu, ni da ko jarrabawar ƙarshe ban zauna ba me na sani. Inna kuma har ta ɗauko rigar tana kakkaɓewa.

Na ce, "Yaya, sa rigar sanyi biyu, ɗauki buhun gero, ka kama gudu zuwa Baure a ranar nan. In ba ka koma tafiya ba, ni zan mayar mata da rigar da hannuna."