Muntari da Ɓerayen Dakta Nahla

A unguwar Alsawra ta Umdurman ba wanda bai san Muntari mai ɓeraye ba, kuma yawancin masu kiransa haka da raini suke yi, su da ko kazar gidansu ba sa iya riƙewa. Ɗan yankin Jazira ne. Ubansa lebura ne a gonakin auduga, shi ma da fartanya ya buɗe ido. Da noma ya daina ciyar da mai yinsa, ya biyo mutane zuwa Umdurman, ya samu aikin wanke kejin dabbobi a wata cibiyar bincike da ke Khartum. Shekara ashirin yana wankin nan, ba wanda ya taɓa ce masa sannu.

Sai wata mai bincike a cibiyar, Dakta Nahla, ta dawo daga karatu da fararen ɓeraye kashi biyu. Ita ce ta fara zaunar da shi a kujera, ta kira shi Ammi, wato baffa, ta yi masa bayani kamar mutum. Ta ce kowace halitta da agogo a jikinta, gadonsa take yi daga iyaye, shi ke gaya mata lokacin barci da na tashi. Kashi ɗaya agogonsu lafiya lau. Ɗaya kashin kuwa ƙwayar gadon da ke riƙe agogon ta samu tangarɗa, kuma so take ta ga abin da hakan ke yi wa halinsu, musamman tsoro da fargaba. Tun da a ido ba su da bambanci, ta ɗaura wa kejin masu lafiya jan zare, na masu tangarɗa shuɗi.

Muntari ya riga ɗaliban Dakta gane su. Shi ya gaya mata masu shuɗin zare ba su da kunya, tsakiyar akwatin gwaji suke tsayawa kamar 'yan sanda a kasuwar Suk al-Arabi, masu ja kuwa jikin bango suke bi, kuma duk ranar da aka ɓata musu lokacin haske sai laɓewar ta ƙaru. Ta yi dariya, ta rubuta a littafinta. Maganarsa ce aka rubuta, shi da bai gama firamare ba.

Ɗakin ɓerayen ba taga, fitila ce ranarsu. Ɗauke wuta ya ƙone na'urar da ke kunna ta, sai aikin ya koma hannunsa: bakwai na safe ya kunna, bakwai na yamma ya kashe. Juma'a ce ko Sallah, sai ya tsallaka gada zuwa Khartum.

Aka ɗora wa Dakta wani mudir, wato shugaban cibiya, da bai kai ta ba, don yana da ƙafa a sama. Ta yi haƙuri har ta gaji, ta karɓi aiki a Saudiyya, wai na wata shida. Ranar tafiya ta ce ya riƙe mata su yadda suke, muddin suna nan tana da abin da za ta dawo wa. Wata shida ya zama shekara da rabi. Kullum sai ya share teburinta, ya gyara zaman kujerar.

A ƙarshen 2017 gwamnati ta mayar da agogon ƙasa baya da awa guda, wanda ita da kanta ta tura gaba shekaru sha bakwai da suka wuce. Ƙofar cibiya ta koma buɗewa da sabon bakwai. Muntari ya je wajen mudir ya ce ɓeraye ba sa jin rediyo, bakwai ɗinsu tana nan inda take, a ba shi makulli. Mudir ya yi dariya har da kiran sakatare ya zo ya ji. Kwana huɗu ana kunna musu fitila a makare, Muntari ya ga masu jan zare sun cure a kusurwa, sun rage ci. Rana ta biyar, da tsohon bakwai ya yi, dattijo mai furfura ya haura katanga.

A zamanin soja ba a haura katangar gwamnati a tafi haka nan. Wuni guda ana masa tambayoyi, waye ya aiko shi, me ya zo ɗauka. Da aka gane ɓeraye ya zo kunna wa fitila, mudir ya samu abin da yake nema. Ya ce Muntari ya bar aiki, ɗakin ya zama sito, ɓeraye a kashe.

Bai bari an kashe ba. Amma wane kwandasta zai bar mutum ya shiga mota da keji takwas? Kwali ɗaya ya samu. Ya juye su duka ciki, ja da shuɗi, ya huda murfin, ya ɗora a cinya har Alsawra. Ya toshe tagar ɗakin marigayiya matarsa da buhuna, ya ci gaba da kunnawa da kashewa. Kafin ya haɗa musu kejin waya na biyu an yi mako uku, mata sun haihu. Ya raba su da halinsu, marasa kunya nan, masu laɓewa can, yana ganin ya gyara.

Da ya samu Dakta a waya, murna ta hana shi fara maganar daga farko. Ta saurara har ya gama, sannan ta tambaye shi a hankali ko a kwali ɗaya ya zuba su. Ya ce e. Ta ce jininsu ya gauraya, ba wanda zai ƙara sanin ɗan wa ke ɗauke da me, aikin ya ƙare. Ta ce ba laifinsa ba ne, ta faɗa har sau uku.

"To, 'yata," in ji shi, "ko ba aikin, ba za ki zo ki gan su ba? Sun kai arba'in fa."

"In sha Allah, Ammi."

Ya daɗe a birni, ya san irin wannan in sha Allah. Ya yi mata godiya, ya ce ta gai da mutanen gida. Bayan ta kashe wayar ya zauna a ƙofar ɗakin yana jin motsinsu, har ladan ya kira la'asar bai tashi ba.