Na je Dutsin-Ma tallar littafi, na ɓige da gaisuwa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kurfi, ni da abokina, rubutaccen littafina a leda. Wani Alhaji mai buga littattafai ne ya zo Dutsin-Ma sauraron sababbin marubuta, kuma littafi ɗaya zai ɗauka. Nawa ya daɗe a akwati har ɓera ya fara ɗanɗana bangon.

Kuɗin mota ya ƙaru, ramukan hanya ma haka. Gero ya yi kai gefe da gefe, shanu suka tare mu ya fi a ƙirga. A tasha muka sha koko da ƙosai, abokina yana ta ce mini, "Ka tallata shi fa!" Ni kuwa ban gane ba. Littafi ai ba tumatir ba ne.

Da layi ya zo kaina na durƙusa. Na tambayi Alhaji gajiya, iyali, damina, hanya, har da mutanen da ya baro. Ya ce, "Malam, me littafin ya ƙunsa?" Kunya ta kama ni. Wa ke yabon abinsa a gaban manya? Na ce, "Ɗan rubuce-rubuce ne kawai, ba wani abin kirki ba." Ya ce, "To ni me zan buga?" Aka kira na bayana. Wallahi raina ya ɓaci, kaina ya kulle. Na yi ladabi, kuma wai ladabin ne laifina.

A motar dawowa wata dattijuwa 'yar Wurma ta tambayi abin da na rungume. Cikin haushi na ce, "Iya, labarin wani mai gyaran rediyo ne da ya ji sanarwar mutuwarsa, sai ya rufe fuska ya tafi wurin zaman makokinsa." Ta ce, "Iye! Wa ya iske can?" Direba ya kashe waƙa. Ina ta ba da labarin har muka wuce inda za ta sauka, ta ce a ci gaba, sai da na gama ta hau babur ta koma.

Abokina ya dafe kai. "Ai abin da Alhaji ya tambaye ka ke nan!"

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan, labari ake fara miƙawa. Na iso gida da ledata, Alhaji kuwa ya ɗauki na wani malamin makaranta da ko "ina gajiya" bai ce masa ba.