Hannun da Ke Shafin Ƙarshe

A shekarar da sojoji suka koma bariki, lokacin da bangon unguwar Soron Ɗinki ya cika da hotunan 'yan takara, wani malamin zane na makarantar firamare ya fitar da mujallar labari cikin zane, da Hausa. Labarin kisan kai ne. Fitowar farko ta ƙare da mutum kwance rub da ciki a bakin kududdufin bayan Ƙofar Mazugal, fuskarsa a cikin ciyawa, hannun dama a miƙe.

Na taɓa ganin irin waɗannan mujallu a Alƙahira da Abidjan. A can, masu karatu gardama suke a kan wanda ya yi kisan. A unguwarmu ba wanda ya damu da mai kisan, kowa hannun gawar ya tsaya kallo. Ƙaramin yatsan a lanƙwashe yake kamar ƙugiya, kuma duk mun san shi. Na maƙwabcina ne, maɗinkin manyan riguna, wanda malamin kan zauna a zaurensa yana zane.

Da farko abin dariya ne. Mahaucin layinmu kan leƙo ya ce, "Marigayi, an tashi lafiya?"

Shi kuma maƙwabcina ya ce, "Lafiya lau. Kai ne na farko a jerin waɗanda nake zargi."

Sannu a hankali dariyar ta ƙare. Wani Alhaji ya aiko a karɓo masa rigarsa ba a gama aikin wuyan ba, wai kada ta shiga cikin kayan gado. A masallaci, wanda ya gaisa da maƙwabcina sai ya riƙe hannun fiye da yadda aka saba, sannan ya saki. Mutane suka fara ratsewa ta kududdufin. Ni ma na je da rana tsaka. Ciyawar wurin a kwance take, daidai tsawon mutum. Na gaya wa kaina awaki ne suke kwanciya a nan, amma ban ga akuya ko ɗaya ba.

Maƙwabcina ya daina cin abinci sosai. Allura ta fara kufce masa. Wata safiya ya shigo zaurena ya ce, "Malam, kai da ka ga duniya, a can wanda aka zana ya mutu, mutuwa yake yi?"

Na ce ban taɓa ji ba, rai na hannun Allah.

"Na sani. Amma raka ni wajen malamin zanen."

Muka sami malamin a ɗakinsa a unguwar Kabara, takardu a baje a tabarma. Ya rantse bai yi da nufi ba, hannun maƙwabcina ne hannun da ya fi sani, shi ya sa ya fito a zanen. Ya ce, "Baba, abin mai sauƙi ne. A fitowa ta biyu 'yan sanda za su juya gawar. Sai in sa mata wata fuskar, kowa ya ga ba kai ba ne."

Na ga hankalin maƙwabcina ya kwanta. Har ya fara godiya, sai ya tsaya.

"Fuskar wa?"

"Kowa ma. Sai dai ni ban iya ƙirƙirar fuska ba, sai wadda na gani." Ya turo mana tarin takardu. Ga mahaucin, ga ladaninmu, ga mai shayin bakin titi. Ga ni, da tabarau, ina kallon gefe. Ban san lokacin da ya zana ni ba.

Maƙwabcina ya duba su ɗaya bayan ɗaya da wannan yatsan nasa. Ya daɗe a kan ta mahaucin. Sannan ya haɗa su ya miƙa wa malamin.

"Bar shi a kife. Kada ka juya shi."

"Baba, labarin ba zai ci gaba ba in ba a san wanda aka kashe ba."

"An sani, ni ne," in ji maƙwabcina. Ya nemi takalmansa, muka fito. Kafin azahar yana zaurensa, yana ta fama da zura zare a allura.