Shakiru Mai Jita Ba Ya Kiran Suna

A Moshi Zango in ka ce kana neman Shakiru, sai a tambaye ka wanne. In ka ce mai jita, sai a toshe kunne da hannu ɗaya, a nuna maka gidan da ɗayan.

Sana'arsa gyaran wayar mota ce a Race Course, tashar da mahaifinsa marigayi Buraima ya tsufa yana kawo doya daga arewa da babbar motarsa. Amma tun yana saurayi ya tsinci wata jita mai lantarki a kayan gwanjo, ya haɗa mata sifikar da ya kwance daga wata matacciyar motar haya, trotro, shi ke nan hankalinsa ya tafi. Kiɗan rok yake yi, mai gurnani da kururuwa. Shi ke tsara waƙoƙinsa da Hausa, shi ke rerawa, kuma gaskiyar magana shi ke saurare. Har intanet ya kai su, sai dai yawancin masu buɗewa shi ne da kansa, da wayoyin abokan aikinsa in sun tafi salla. Awakin gidan sun koma kwana maƙwabta. A duk Kumasi, lungunsu ne kaɗai ake hamdala in an ɗauke wuta.

Mahaifiyarsa Mamuna ta yi haƙuri har ya ƙare. Da ƙanwarsa Rafi'atu ta haihu, ya yi ta roƙo a bar shi ya yi wasa ranar suna, sai uwar ta yarda da sharaɗi. Waƙa ɗaya zai yi, in kuma ya ba ta kunya gaban mutane, jitar ta bar gidan, ko ita kaɗai ko tare da mai ita. Shakiru ya tsorata ƙwarai, don ya san Mma ba ta magana biyu.

To, a Zango kowa ya san aikin mawaƙi a taron mata: ya kira sunanki, ya kira na mijinki da garin kakanninki, ki fito fili ki taka. Shakiru kuwa bai taɓa kiran sunan kowa a waƙa ba, wai shi ba maroƙi ba ne.

Bayan la'asar mata suka cika rumfa cikin anko. Da suka ga ya rataya jita sai suka gyara ɗaurin kallabi, suka yi layi, Anti Habsa shugabar ƙungiyarsu a gaba. Ya daki igiya. Sifikar ta yi wani gurnani, jaririyar da ake wa suna ta amsa daga ɗaki. Anti Habsa ta ɗaga ƙafa tana neman inda za ta sauke ta a cikin kiɗan, ba ta samu ba. Sai ta zaci yaron bai san sunaye ba ne, ta matso ta riƙa zuba masa su a kunne, nata da na Alhajinta da na surukarta da ke Oforikrom. Shi kuwa ido a rufe, gumi na zuba, yana rera labarin wani yaro da ke kasa kunne a bakin lungu yana jiran motar da ba ta dawo ba.

Layi ya fara watsewa, wasu sun koma kan shinkafa da wake. Ya buɗe ido sai ga Mamuna ta miƙe ta nufo shi. Ya ce a ransa jita ta tafi, ya tsayar da kiɗan.

"Sake wancan wurin," in ji ta.

"Wanne, Mma?"

"Inda take tari."

Ya sake, gurnanin ya hau, ya sarƙe, ya kuma hawa. Ta juya ta gaya wa matan cewa wannan motar Buraima ce in ta ɗauko doya tana hawan tudu, ba ta taɓa canza giya ba sai ta yi wannan tarin. Shekara da shekaru tana jin abin ta bango tana kiran sa hayaniya, don ba ta taɓa zama ta ji shi daga farko ba.

"Amma ka manta hon," ta ce. "A bakin lungu yake dannawa, don in ɗora ruwan shayi."

Shakiru ya lalubi igiya ta can ƙasa ya ja ta. Mamuna ta rufe fuska da mayafi. Anti Habsa ma ta share hawaye, ko da yake har yau tana faɗa cewa ba a kira sunanta ba.

Jitar na nan a gidan, awaki ma ba su dawo ba. Waƙar nan kaɗai aka yarda ya yi in Mma na tsakar gida, kuma duk sa'ad da ya zo wurin hon, sai ta yunƙura za ta tashi ta ɗora ruwa, sannan ta koma ta zauna.