Koci Armel Kervadec Ya Koma Arewa

Armel Kervadec ɗan masunci ne, haifaffen wani ƙauye a gaɓar tekun Bretagne. Shekara goma sha huɗu ya yi yana buga ƙwallon ƙafa, yana tsaron baya a gasar rukuni na biyu. Bai taɓa yin suna ba, amma 'yan gaba sun san shi, don duk wanda ya gifta shi sai ya ji a ƙwaurinsa. Yana da shekara talatin da uku gwiwarsa ta hagu ta gaza, likita ya ce ƙwallo ta ƙare. Da yake bai iya komai ba sai ita, sai ya koma horar da 'yan wasa.

Ƙungiya shida ya riƙe, biyar suka sallame shi. Ta shidan ita ce ta garin Kerlouzan, inda ya yi shekara uku yana fama da fili mai taɓo da 'yan wasan da hankalinsu ke kan manyan birane. A kakar wasansa ta ƙarshe suka yi wasa tara ba nasara. A na goman, bayan tafiyar awa bakwai a bas, aka zura musu uku da nema.

Ranar Litinin da safe shugaban ƙungiyar, Yvon Le Dantec, mai kamfanin kifin gwangwani, ya kira shi shagon kofi da ke bakin kasuwa. Yvon ya yi ta juya cokali a kofi yana kame-kame.

"Koci, ka san yadda nake ganin girmanka..."

"Shugaba, faɗi kawai. Kai ne na shida, na haddace karatun."

"Magoya baya ne suka matsa mini lamba."

"Magoya baya ɗari huɗun? Ai rabinsu ma'aikatanka ne."

Yvon ya yi dariyar yaƙe. Armel ya shanye kofinsa ya miƙe. Ya zaci zai ji haushi, sai ya ji barci kawai yake so.

Wata biyar ya yi a gida. Ya gyara shinge, ya raka matarsa Solenn kasuwa, ya koyi miyar kifi. Ranakun Asabar ne suka fi yi masa tsawo. Ƙarfe uku na yi, lokacin da ake take wasa, sai ya kama zagaye a falo, yana ɗingishi.

A watan Nuwamba wata ƙungiya ta arewa, kusa da iyakar Beljiyam, ta bugo waya tana neman koci. Su ne na ƙarshe a teburin gasa.

"Armel, shekararka hamsin da tara," in ji Solenn. "Ko matakala da kyar kake hawa."

"Zuwa ƙarshen kaka ne kawai."

"Haka ka ce mini a Kerlouzan. Ni kam na gama ƙaura. Ka je ka dawo, ka same ni a nan."

Ta ninke masa rigunan sanyi, ta haɗa da maganin gwiwa. Washegari ya hau jirgin ƙasa shi kaɗai. Ya buɗe takardar sunayen sababbin 'yan wasansa, ya karanta huɗu, barci ya ɗauke shi kafin su kai garin Rennes.