Ɗan Farin da Ba a Kiran Sunansa

Ɗan ƙanwata, sanƙarau ne ya kwashe masa ji tun yana rarrafe. Ya tashi daga ciwon garau, sai dai ko tulu ka fasa a bayansa ba ya waiwayowa. Da wasu likitoci baƙi suka zo Yamai suna dasa wa yara na'urar ji, Allah ya sa aka ɗauke shi. Ubansa yana can arewa wajen haƙar zinari, don haka ni kawunsa na raka su. Daga garinmu Gure zuwa Yamai kuwa, na shiga kar, babbar motar fasinja, da baƙin gemu na sauka da furfura.

Mu a zatonmu abin rediyo ne: a sa batir, a murɗa, yaro ya fara gaida mutane. Har na gaya wa ƴan kasuwa su shirya, mai wa'azi na nan tafe. Ranar da aka kunna, yaron nan ya ƙwalla ƙara, ya fizge abin da ke manne a kansa ya jefar. Madam ɗin da ke koya wa irinsu magana ta ce kada mu tsorata, kunnensa yau aka haife shi. Sai an yi ta yi masa magana kusa da kusa, ana nuna masa abu ana faɗin sunansa. Ta ce abu na farko, ya san sunan kansa, a kira ya juyo. Ta dubi ƙanwata ta ce, "Wannan aikinki ne, ke kike wuni da shi."

Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Madam ta ɗauka "to" ke nan. Ni na san ba "to" ba ce.

Yaron ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai wani ya ɗaga shi ita tana kallon bango. Ga shi kuma sunan surukinta aka sa masa. Kunya kan kunya. Kakarsa ta wajen uba, Hajiya, "maigidana" take ce masa. Ubansa in ya kira waya ya ce "Baba". Maƙwabta su ce "na Hajiya". Ni ina ce masa Sarkin Surutu. Uwarsa kuwa "wancan yaron". Yaro mai lafiyayyen kunne yakan tsinci nasa a cikin wannan tarkace. Shi ina zai tsinta?

Na ce ba komai, ai surutu a gidanmu ni na gaje shi duka. Ina da rumfa a kasuwa inda nake sa wa salular mutane wuta da panno mai zuƙar hasken rana, nan ma ake cika batiran na'urar. Kullum na ɗora shi a kan benci na yi ta zuba. Na gaya masa sunan kowace akuya da ta wuce da na mai ita. Mutanen garin Bune da suka zo cin kasuwa har tambaya suke ko na fara taɓuwa. Ranar da ya buɗe baki, wani Buzu na tayin igiya a rumfar kusa, yaron nan ya ɗaga kai ya ce, "Abbaka." Albarka! Kasuwa ta kwashe da dariya, na yi ta rawa kamar an ba ni raƙumi.

Amma shekara ta zagayo, wata ta bi ta, kalmominsa ba su cika tafin hannu ba. Ruwa, zo, a'a, albarka. Sa'o'insa suna shirin shiga lakwal, makarantar boko. Na je na ga mushe, wato malamin ajin, ya ce, "Kawu, ajin nan ko ni da ƙyar nake jin kaina. In na kira sunansa zai amsa?" Na yi masa sallama na koma rumfata.

Madam takan kira ta bidiyo ta ga yadda ake ciki. Rannan ta ce a zaunar da uwa da ɗa, uwar a bayansa. Hajiya na gefe a kan tabarma tana jan carbi.

"Kira shi," in ji Madam.

Ƙanwata ta ja mayafi ta rufe baki.

"Me take cewa a wayar?" in ji Hajiya.

Na ce, "Hajiya, cewa ta yi a kira maigidanki da sunansa na yanka."

"Wa zai kira? Ita? Sunan mijina? A gidan nan?"

"Magani ne, Hajiya. Kamar allura."

"Kai dai bakinka ba ya ƙoshi. Ni na haifi ubansa ban taɓa kiran sunansa ba, ga shi nan yana magana har ta yi yawa."

Madam ta ce mini in gaya musu lokaci ba ya jira, ƙwaƙwalwar yaro in ta wuce shekarun koyon magana da wuya take karɓa. Na fassara rabi, rabin na haɗiye.

Bayan ƴan kwanaki na kawo batir da azahar, Hajiya ta tafi barkar suna. Na tarar da ƙanwata a bayan ɗaki wajen turken awaki, yaron na wasa da ƙasa ya ba ta baya. Leɓenta na motsi, ba sauti. Da ta gan ni ta ce, "Yaya, bakina ya ƙi."

Na matso kusa da ita.

Ta ce, "Tsaya mini a ƙofa. In ka hango Hajiya ka yi tari."

Na tsaya. Ta faɗa a hankali, ko akuya ba ta motsa ba. Ta sake. Sai ta runtse ido ta faɗa da ƙarfi, sunan surukinta ɓaro-ɓaro a tsakar gidansa.

Yaron ya daina wasa. Ya juyo. Ya wuce ta da ido, ya kalle ni a bakin ƙofa yana jira in ƙara.

Ƙanwata ta durƙusa, ta kama haɓarsa ta juyo da fuskarsa wajenta, hawaye na zuba, ta sake faɗa. Yana kallon bakinta kamar na baƙuwa. Ni kuma na koma kallon hanya, ina roƙon Allah ya sa taron sunan nan ya kai magariba.